Babbar Riga a Hawa na Bakwai

Waɗanda muke tare a Nagoya, a ƙasar Japan, sun riga sun ji labarin, wasu har sun ƙara masa gishiri, don haka gara in faɗa da bakina kafin Ɗan Zariya ya kai shi gida yadda ya ga dama.

Kun san ina ɗan koyar da Turanci da yamma, irin aikin ɗaliban nan da doka ta ce kada ya wuce awa 28 a mako. A ajin akwai tsohon da ya yi ritaya daga kamfanin motoci, mai yawo da ƙamus na lantarki a aljihu, wanda nake ce wa Baba. Wata rana bayan darasi ya rusuna, ya ce mini da Turancin da ni na koya masa, ranar Asabar in zo "mansion" ɗinsa mu ci abincin dare, matarsa na son ganina.

Mansion fa! Ni malamin Turanci ne, na san abin da kalmar take nufi: katafaren gida mai get da lambu da maigadi. A daren na kira uwargida a Kano na ce mata wani attajiri ya gayyace ni gidansa. Kafin gari ya waye surukata ta ji, ƙannen matata sun ji, har an fara aiko mini da saƙon in yi wa wane hanyar aiki.

Sai na tuntuɓi Ɗan Zariya kan abin da ya kamata in saka. Mutumin nan ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Japananci har musu yake yi da likita. Ya ce, "Mansion ya ce maka?" Na ce ƙwarai. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To ai sai babbar riga, Malam. Ka fitar da mu kunya." Wannan ɗan shirun da ya yi, har yau shi ne yake ci mini rai.

Na fito da shaddata ta ɗaurin aure, wadda ta sha sitaci, na kafa zanna bukar. A watan Agusta, a Nagoya, inda zafi yake haɗe da laima har mutum ya ji kamar numfashinsa zai tsaya. Na biya na sayi kankanar nan ta kyauta da ake sakawa cikin akwati, kuɗin cefanen mako guda ya tafi. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Higashiyama, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon wayarsa, irin rashin kallon nan nasu da ya fi kallo ciwo.

Taswirar waya ta tsayar da ni gaban wani dogon bene na siminti, kekuna jere a ƙasa, akwatunan wasiƙa fal bango. Na zagaya baya ina neman get, ina tunanin ko nan ma'aikatan Baba suke kwana. Can na ji ana kiran "Sensei! Sensei!", wato malam, daga sama. Na ɗaga kai, ga Baba a baranda tsakanin shanyar tawul yana ɗaga mini hannu.

A lif, wata mata mai ɗan ƙaramin kare ta leƙo, ta ga rigata ta cika wurin, ta rusuna ta ce in yi gaba. Hawa na bakwai. Wurin cire takalmi bai fi dardumar salla ba, da na juya zan gaisa hannun riga ya kwashe lemomin ruwan sama guda uku ya zubar. Ashe su a wurinsu "manshon" benen siminti ne mai gidajen haya ko na saye, "apato" kuwa, wato apartment, ɗan benen katako mai araha, irin wanda ni nake ciki. Kalmomin Turanci ne da suka ɗauka, suka rubuta da baƙaƙensu na katakana, suka ba su aikin da suka ga dama. Baba bai yi ƙarya ba ko kaɗan.

Duk wannan da sauƙi. Na shanye, na zauna, aka kawo kifi da shinkafa, sun ma kula ba su sa komai da ba na ci ba, Allah ya saka musu. 'Yarsu da mijinta suna nan. Bayan an ci, matar Baba ta ce in nuna mata hotunan gida. Na buɗe hotona na lokacin bautar ƙasa, ina cikin kaki. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta sake kallon hoton. Sai ta washe baki, ta haɗa ɗan Turancinta a hankali, kalma bayan kalma, ta ce a da sensei "very smart", yanzu kuwa "not smart".

Baba ya gyaɗa kai. 'Yar ta gyaɗa kai. Surukin, wanda tun zuwana bai ce uffan ba, shi ma ya gyaɗa, har da cewa "so, so, so", wato haka ne, haka ne.

Jama'a, mutum huɗu sun yi ittifaƙi a gabana cewa ƙwaƙwalwata ta ja baya. Bayan na kawo kankana. Na ji zufa ta biyo ƙarƙashin hula. Nan borin kunya ya tashi. Na gyara zama, na fara jero musu takarduna da Turanci mai sanyi irin na aji: digiri na farko, na biyu, jarrabawar da na rubuta a ofishin jakadancinsu a Abuja kafin gwamnatinsu ta ba ni gurbin karatu, binciken da nake yi a jami'a. Har da matsayin da na zo a sakandare na faɗa, wallahi. Matar tana saurare tana "sugoi, sugoi", wato madalla, tana tafa hannu. Da na dire, ta ce duk ta yarda, amma dai "not smart". Sannan ta sa hannu biyu ta zana wani abu mai zagaye a iska, daidai saitin cikina.

'Yar ce ta karɓi ƙamus ɗin Baba ta danna, fuskarta ta yi ja, ta rufe baki. Ta ce a wurinsu sumato siriri yake nufi, mutum marar jiki. Wato ba daƙiƙi aka ce mini ba, mai tumbi aka ce. Na rasa ma wanne zan zaɓa. Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma ina! Na ce ai rigar ce, haka ɗinkinta yake, faɗi gare ta. Na miƙe tsaye, na tattare ta sama don in nuna musu hujja. Tumbin yana nan daram, 'yar ciki ta ɗame shi. Surukin ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa.

Baba, don ya cece ni, ya ce ba laifina ba ne, laifin "Viking" ne, don na taɓa faɗa a aji ina son wuraren ci-har-ka-ƙoshi. Su baikingu suke kiran irin wannan cin, kuma ya ba ni tarihin kaf: otal ɗin Imperial na Tokyo ne ya fara shi a 1958, bayan shugaban otal ɗin ya gano irin shimfiɗar abincin a Denmark. Ina tsaye, riga tattare a hammata, ana yi mini darasin tarihi.

A daidai nan uwargida ta kira da bidiyo. Awa takwas ke tsakaninmu, can hantsi ne, ga surukata a gefenta suna son ganin gidan attajiri. Na juya kyamara waje ta taga ina cewa netiwok ba kyau, sai Allah ya taimake ni caji ya ƙare. Baba ya taso da sauri yana nuna bango yana cewa "consent, consent", wato soket. Na ce a'a, Baba, a bar ta ta huta.

Shi kuwa Ɗan Zariya, ranar Juma'a a masallaci tun daga nesa ya ɗaga murya, "Alhaji mai mansion, an iso lafiya?" Mutumin da na ara wa tukunyar dafa shinkafa tun sanyin bara bai dawo da ita ba. Mutumin da na raka filin jirgi da asuba, na biya kuɗin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa daga aljihuna. Wai shi ma haka aka yi masa lokacin da ya zo, don haka al'ada ce. Al'adar wa? Tukunyar dai ina so, da murfinta.

Mako na gaba na shirya darasi a kan waɗannan kalmomi. Baba ya tambaya to me zai kira gidansa da Turanci, na ce "apartment". Ransa ya ɓaci, wai ya shekara talatin yana biyan bashin banki sannan in ce masa apato. Muka tsaya a "condominium", ya rubuta a littafinsa, amma na ga bai gamsu ba. Rigar kuma tana wurin masu wanki, sun kira sun ce ba su san kuɗin me za su caje ni ba, na kwat ko na labule.