Abin da kuɗin tallafi ya saya a Saliyo, da abin da muka rasa a Zariya

Shekarata tara ina kasuwanci a Freetown, babban birnin Saliyo, kuma har yau idan aka yi zaɓe a nan, hankalina gida yake komawa, makarantar firamaren unguwarmu a Tudun Wadan Zariya inda na fara dangwala ƙuri'a.

Saliyo ta yi yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002. Dattawan nan ba su manta da sojojin Najeriya na ECOMOG, rundunar ƙawancen ƙasashen Yammacin Afirka, da suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998 ba, shi ya sa da an ji daga inda na fito sai hira ta ɓarke. Da yaƙi ya ƙare, hukumar zaɓensu suna kawai ta rage. Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Tarayyar Turai suka zuba kuɗi: motoci, akwatuna, rajistar masu zaɓe, horar da ma'aikata. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, na farko tun da shugaban ƙasar na lokacin, Siaka Stevens, ya rushe su a 1972.

Akwai wata maƙwabciyata, malamar makaranta, da ta sha yin aikin malamar zaɓe. Wata rana ta ɗauko mini littafin horon da aka ba su tun farkon aikinta, ya yi jirwaye, gefensa duk ya naɗe. Ta miƙe a tsakar gida da bokitin wanki tana gwada mini yadda ake ɗaga akwati sama a kifa shi, kowane wakilin jam'iyya ya ga babu komai ciki kafin a rufe, da yadda ake sa su duka su sa hannu a takardar sakamako. Motocin da aka sayo a wancan lokaci sun daɗe da zama gwangwan. Ita kuwa tana nan, kuma ta koya wa wasu. A ganina kuɗin da aka kashe a kanta shi ne bai faɗi ƙasa banza ba.

Sai dai horo kaɗai ba ya isa sai an sami mai zuciya a sama. A 2007 Christiana Thorpe ce ke shugabantar hukumar, kuma Kabbah ne ya naɗa ta. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ta soke sakamakon rumfuna 477 saboda ƙuri'un da aka ƙirga sun fi yawan masu rajista, akasarinsu a yankunan jam'iyya mai mulki. Mataimakin shugaban ƙasa Solomon Berewa ya faɗi, ɗan adawa Ernest Bai Koroma ya hau. Wannan tsayin daka ba da dala aka sayo shi ba. Shekara 16 bayan haka, a 2023, ga kayan aiki sun fi na da, amma da aka ce shugaba mai ci Julius Maada Bio ya sami kashi 56, alhali kashi 55 ake buƙata don kauce wa zagaye na biyu, masu sa ido na Turai da na cikin gida suka koka cewa an yi musu duhu wajen tattara sakamako. Na ga yadda jikin mutane ya yi sanyi a kasuwa satin nan.

To mu fa? Mu ba mu fito daga yaƙin shekara 11 ba, ko da yake duk wanda yake Zariya a Afrilun 2011 ya san abin da rikicin bayan zaɓe ke iya yi wa gari cikin kwana biyu. Muna da jami'a a Samaru, muna da lauyoyi a unguwar Kongo, muna da masu yi wa ƙasa hidima da ke tsayawa a rumfuna. Ilimi bai yi mana ƙaranci ba, kuɗi ma haka. Amma a nan Saliyo hukumar ƙasa ce ke gudanar da zaɓen kansiloli da magadan gari, har Yvonne Aki-Sawyerr, wadda ta ci kujerar magajin garin Freetown a 2018, ta sake ci a 2023 tana 'yar adawa. Mu kuwa gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha. A 2018 Kaduna ta zama jiha ta farko da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, 'yan adawa suka ci wasu kujeru, mutane suka fara sa rai. A Oktoban 2024 aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta kwashe ciyamomi 23 gaba ɗaya.

Ranar na kira babban wana. Na ce, "Yaya, kun fita zaɓe kuwa?" Ya ce, "Kai dai bari, ƙanena. Wanda aka riga aka yanka ta tashi, me zan je in yi?" Mutumin da a da yake sallar asuba ya wuce layi. Abin ya tsaya mini a rai, domin kansila shi ne wanda za a tare a ƙofar masallaci a yi masa maganar magudanar ruwa da rijiyar burtsatse.

Shi ya sa idan na ji ana shirin tallafa wa wata ƙasa da ta fito daga yaƙi, nake fatan masu ba da kuɗin su rage taron otal da sayen na'urori. Su sa shi a kan malaman zaɓe na gunduma, su dage sai doka ta tilasta liƙa sakamako a bangon kowace rumfa da buga shi rumfa-rumfa, su kuma sa sharaɗin cewa gwamnatin ƙasar za ta riƙa karɓar nauyin sannu a hankali, don kada ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa aikin ya bi shi. Mu a Zariya ba sai mun jira kowa ba. 'Yan majalisarmu na Abuja su gyara tsarin mulki, a cire naɗin hukumar zaɓen jiha daga hannun gwamna. Ina so zaɓen kansila mai zuwa ya sami Yaya a kan layi.