Murar da Kaduna ba ta ƙirgawa

Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, hazo ya lulluɓe gari, sai tari ya cika ko'ina: a sahun sallar asuba, a cikin keke napep, a ajin 'yan firamare. Kowa ka gaisa da shi sai ya ce maka mura ake yi a gari. To amma wace iri ce? Yaushe ta fara? A Rigasa ta fi tsanani ko a Kafanchan? Mutum nawa ta kwantar a asibiti makon nan, kuma sun fi na bara warhaka ko ba su kai ba? Talakan Kaduna ba shi da inda zai leƙa ya ga amsar waɗannan tambayoyi, kuma a ganina ya kamata a ce yana da shi.

Ba murar atishawa da yoyon hanci ta kwana biyu nake nufi ba. Ina magana ne a kan infuluwenza, wadda ke kayar da mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, busasshen tari, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, har ya kasa ɗaga kai daga shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan ɗaya ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 ta yi musu tsanani, sannan tsakanin dubu 290 zuwa dubu 650 su rasu sakamakon matsalar numfashi da take haddasawa. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi, ƙananan yara, masu juna biyu, da masu fama da asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila. Da wuya ka shiga gida a Tudun Wada ko Sabon Tasha ba ka tarar da ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ke ɓoye ta a wurinmu sananne ne. Uwa ta goyo yaro jikinsa rau da zafi, yana tari, ta tsaya a kemis ɗin bakin layi. Mai shago ya taɓa goshin yaron ya ce, "Hajiya, maleriya ce da taifod." Ya haɗa mata allura ta kwana uku, da ƙwayoyin maleriya, da antibayotik na ruwa. Wani lokaci ma an yi gwajin jinin, ya nuna babu maleriya, amma duk da haka a ba da maganinta don kada a ce an koma gida hannu rabbana. Yawancin yaran za su warke bayan mako guda, domin dama jikinsu ne zai yi yaƙin da kansa, sai a yaba wa allurar. Kakan yaron kuwa, wanda ya ɗauka daga wurinsa, ciwon ya sauka masa a ƙirji ya zama nimoniya, kafin a kai shi asibiti numfashi ya yi wuya. Idan ya cika, sai a ce tsufa ne da sanyi. Ajali gaskiya ne, babu mai jayayya da haka, amma sanin sababi nauyi ne da ke kan masu riƙe da lafiyar jama'a. Ga shi kuma yaron da kakansa babu wanda ya shiga wani kundi a matsayin mai infuluwenza.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Ƙwayar bairos ce ke kawo infuluwenza, antibayotik kuwa ba ya kashe bairos, don haka kuɗin da uwar nan ta kashe sun tafi a banza, kuma kowane irin wannan shan magani yana ƙara wa ƙwayoyin cuta juriya, ta yadda ranar da ake buƙatar maganin da gaske ba zai yi aiki ba.

Sa ido a kan wannan cuta ba wani aiki ne mai wuyar fahimta ba. Ba a gwada kowa. Ana zaɓar wasu asibitoci kaɗan, a ce wa ma'aikatansu duk wanda ya zo da zafin jiki da ya kai digiri 38, tare da tari da ya fara cikin kwana goma, a rubuta shi. Wanda ya kai ga kwanciya a rubuta shi daban. Daga cikinsu a ɗauki majinar hanci ko maƙogwaron wasu da ɗan tsinken auduga, a aika ɗakin gwaji a tantance ko infuluwenza nau'in A ce ko B, in A ce kuma, H1N1 ce ko H3N2. A tara alƙaluman mako-mako. Bayan shekara biyu ko uku, sai a san yadda mako na lafiya yake, kuma daga nan ne kawai za a iya gane makon da abu ya wuce ƙima.

Najeriya ta fara irin wannan shiri a 2008, kuma a shekarunsa na farko ya dogara ne a kan asibitoci huɗu: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, asibitin Asokoro a Abuja, asibitin koyarwa na Nnewi, da na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja. Samfuran na zuwa babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja, sakamakon kuma ya shiga tsarin sa ido kan mura na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka kafa tun 1952, wanda da shi ake yanke shawarar abin da za a zuba a rigakafin mura a watan Fabrairu da na Satumba. Aiki ne mai kyau, amma an tsara shi ne don a san irin ƙwayar da ke yawo a ƙasa baki ɗaya. Ba zai gaya wa kwamishinan lafiya na Kaduna cewa makon gobe a ƙara tukwanen iskar oksijin a Saminaka ba, ko cewa wata makarantar kwana a Zariya rabin ɗakin kwananta na kwance.

Akwai ma wani zato da ya kamata mu gwada. Mun saba ɗora komai a kan hunturu, alhali ƙura kaɗai tana sa tari ko babu wata ƙwayar cuta. A ƙasashen Turai infuluwenza ta lokacin sanyi ce, amma a ƙasashe masu zafi tana iya yawo duk tsawon shekara, a wurare da dama ma da damina take tashi, daidai lokacin da kowane zazzaɓi ake kiransa maleriya. Jihar da ta taso daga iyakar Katsina da Kano har zuwa duwatsun Kagoro ba lallai ne yanayinta ya zama ɗaya ba. Ƙidaya ce kaɗai za ta raba gardama.

Wani zai ce, ana fama da maleriya, kwalara, zazzaɓin Lassa, ƙyanda, sanƙarau, ga mashaƙo da ya kashe yara a Kafanchan a 2023, ina ake da sukunin bin mura? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ce a cire ko kwabo daga waɗancan ba. Sai dai komar da aka jefa don infuluwenza ita ce za ta fara kamo duk wata sabuwar cutar numfashi da ta shigo, kuma Kaduna ta fi kowa sanin haka. A Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a duk nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006. Kaji sun fara zubewa tun cikin Janairu, dubbai suka mutu kafin a san sunan abin da ke kashe su. A Janairun 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Yau gonakin kaji sun fi na wancan lokaci yawa, kuma masu fige kaji a kasuwanninmu hannu tsirara suke aiki. Idan ɗayansu ya zo asibiti da zazzaɓi da tari, wa zai tambaye shi sana'arsa? Dole likitocin mutane da na dabbobi su riƙa ganin rahoton juna.

Ga kuma matsayin garin. Annobar infuluwenza ta 1918 ta sauka ne a Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum dubu 500 a ƙasar nan. Har yau Kaduna mahaɗa ce: jirgin ƙasan Abuja na sauke fasinjoji a Rigasa, motocin Kano da Jos da Legas na ratsawa dare da rana, alhazai na dawowa ta Mando duk shekara da tarin da kowa ya sani. Saudiyya da kanta tana shawartar mahajjata su yi rigakafin mura kafin su taso.

Abin da ya sa nake ganin aikin mai yiwuwa ne shi ne, kayan aikin suna nan. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Akwai manhajar SORMAS da ake aika rahoto da ita. Akwai shirin cibiyar lafiya a kowace gunduma daga cikin 255. Zamanin korona ya bar mana na'urorin gwajin PCR masu gano ƙwayar cuta a cikin samfuri, da ma'aikatan da suka iya sarrafa su, ga asibitin koyarwa na Shika da na Barau Dikko. Mataimakiyar gwamna, Dakta Hadiza Balarabe, likita ce da ta taɓa shugabantar hukumar lafiya a matakin farko ta jihar, ba sai an yi mata dogon bayani ba. A fara da asibiti bibbiyu a Zariya, Kaduna da Kafanchan, a haɗa da wasu ƙananan cibiyoyi da masu kemis masu rajista, tunda wurinsu marasa lafiya ke fara zuwa.

Wahalar tana wurin ɗorewa: sinadaran gwaji, akwatin sanyi, man babur ɗin da zai kai samfuri, da yankunan da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga. Irin waɗannan shirye-shirye sun daɗe suna rayuwa da tallafin waje, tallafin kuwa ya ja baya sosai tun 2025 da Amurka ta rage taimakonta. Saboda haka kuɗin ya fito daga kasafin jiha, da sunansa a rubuce, yadda 'yan majalisar dokoki za su iya tambayar inda ya shiga.

Sannan kada alƙaluman su kwanta a ofis. A fitar da su duk mako, da Hausa da Turanci, a karanta a rediyo: mura ta ƙaru a wuri kaza, mai zazzaɓi da tari ya zauna a gida, a nisanta shi da jarirai da tsofaffi, wanda numfashi ya yi wa wuya a garzaya da shi asibiti. Maganin infuluwenza ya fi aiki cikin awa 48 na farko, likita kuwa ba zai yi tunaninsa ba sai ya san cutar na gari. Rigakafinta ba ya cikin alluran yau da kullum da ake yi kyauta a Najeriya, kuma ranar da za a nemi a yi wa masu juna biyu, masu sikila da ma'aikatan asibiti, tambayar farko da za a yi wa Kaduna ita ce mutum nawa, kuma a wane wata.