Kwamanda, ragon da na saya da araha

Lissafin da na yi a bayan takardar kuɗin wuta ba shi da wata matsala, ko yau aka kawo min shi zan sa hannu. Ragon da ake tsuga wa kuɗi ana saura kwana uku Babbar Sallah, shi ne dai ragon da yake tsaye a kara cikin watan Janairu babu mai ko tayawa. Abin da ya shiga tsakani dusa ce da harawa da ruwan sha, sai kuma la'adar dillali. To me zai hana ma'aikaci mai ɗan albashi kamar ni ya saya tun da wuri, ya kiwata abinsa a gida, ranar layya ya yanka ƙato yana yi wa masu cinikin ƙurarren lokaci dariya?

Maman Hanifa ce kawai ta kawo ƙorafi.

"Abban Hanifa, a ina za ka ɗaure shi? Gidan haya ne fa, iyali huɗu tsakar gida ɗaya."

Na ce mata rago ai ba raƙumi ba ne, turke ne da igiya. Ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." Duk mai aure ya san irin wannan addu'ar da muryar da ake yin ta.

Wata Juma'a a farkon 2025 na kama hanyar Maiduguri daga Kano na sauka a Wudil, tunda ranar kasuwarta ke ci. Wanda bai taɓa shiga karar Wudil ba, ya je da takalmin da ba ya tausayi. Kafin in gama sallama dillalai sun kewaye ni, kowa yana kira na Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa raka maniyyaci ba. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe min hannu ya shiga nuna min dabbobi. Ga Balami, fari sol, dogo, mai lanƙwasasshen hanci da kunnuwa har wuya, irin na ƙasar Borno. Ga Uda, rabin gaba baƙi ko ja, rabin baya fari. Ga kuma 'Yankasa, irin namu na gida, fari mai baƙi-baƙi a ido da baki. Kuɗin Balami da na ji ya sa na gane cewa ni ɗan kishin gida ne, na tsaya a kan 'Yankasa.

Wani abokin aikina ya gaya min a haƙori ake gane shekarun rago, don haka na sa aka buɗe bakin wanda ya kwanta min a rai. Ina dubawa na ga sama babu haƙori ko ɗaya, dasashi ne zalla. Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce, "Baba, haba! Tsohon da haƙoransa suka zube za ka sayar min?"

Sai da wani yaro mai tallan fura ya ajiye ƙwaryarsa don dariya. Dattijon bai yi ba, mutumin kirki. Ya ce, "Alhaji, tun da Allah Ya halicci tumaki ba su da haƙoran gaba a sama. Na ƙasa ake dubawa. Ka ga waɗannan manyan guda biyu a tsakiya? Ya fid da na nono ke nan, ya haura shekara, ya isa layya." Daga wannan lokacin ciniki ya fita daga hannuna, domin kowa a wurin ya san wa ya zo. Na taya dubu saba'in, aka ce albarka. Aka sallama a dubu tamanin da biyar, ban da la'ada, ban da kuɗin takarda, ban da kuɗin igiyar da ke wuyansa, wadda ashe ba ta cikin ciniki.

Yara suka raɗa masa suna Kwamanda tun kafin a sauke shi daga but ɗin mota.

Daren farko babu wanda ya runtsa a gidan. Kuka yake yi ba ƙaƙƙautawa, da wata irin murya da ta fi ƙarfin jikinsa. Da asuba a masallaci maƙwabcina Malam, wanda ɗakinsa ke daf da turken, ya gaishe ni da "ina gajiya" sau biyu. Wani tsoho da ya taɓa kiwo ya ce tumaki dabbobin garke ne, in aka raba ɗaya da 'yan uwansa sai ya yi ta kira, maganin abin in saya masa tunkiya ko akuya ta riƙa ɗebe masa kewa. Wato ni da na shigo harkar don in rage kashe kuɗi, in yi wa rago aure. Ban kai wannan shawara cikin gida ba. Bayan 'yan kwanaki ya rage kukan da kansa, ya mayar da shi lokacin da duk ya ji an buɗe ƙofa, ko an taɓa bokiti, ko an yi tari.

Batun abinci kuwa, lissafina na damina ne, kiwon kuma a tsakiyar rani ya faɗo. Babu ciyawa ko ta magani. Harawar wake da ake zubarwa a gona lokacin kaka ta zama kayan gabas, ana ɗaure ta ƙanana-ƙanana, kowane mako damin yana ramewa kuɗin yana ƙiba. Ga dusar alkama, ga kowar wake, ga kanwa da ake jiƙa masa a ruwa. Masu kiwon gaske tun watan Nuwamba suke tara harawa a kan rufin ɗaki da rassan bishiya, shi ya sa suke cin riba. Ni kullum da yamma sai in dawo daga aiki da dami a bayan babur, mutanen majalisa suna tambayata ya mai jiki.

Ban san yaran gidan suna wasa da shi in na fita ba. Wasan kuwa shi ne su dafa goshinsa su tura, shi ma ya turo. Daga baya likitan dabbobi ya ce min babu hanyar koya wa rago tunkuyi da ta fi wannan sauri. Kwamanda ya yi karatu ya haddace. Ya fara da mai kawo mana ruwa a kura, ya zubar masa da jarka biyu. Ya bi da ɗan almajirin da ke mana aike. Ya tunkuyi matar Malam tana tsugune tana wanke-wanke, abin da ya jawo zaman sulhu da turmin atamfa. Ni kaina sai da na koyi shiga gidana da baya-baya, ina fuskantarsa, ina riƙe da murfin tukunya.

Kayan shanya kuma suka fara ɓata. Safa ɗaya, ɗankwali, gefen mayafin Maman Hanifa na zuwa biki. Mata suka fara kallon juna a kaikaice, gaisuwa ta koma ta ciki-ciki. An zargi yara, an zargi iska, har an fara maganar aljanu.

Azumi ya kama a farkon Maris. Rana ta uku ko ta huɗu Maman Hanifa ta jiƙa gero kwano guda na kunu da waken ƙosai, ta ajiye a inuwa ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Kwamanda ya tsinke igiya. Shi ba ya azumi. Kafin la'asar ya share robar biyu tas, kafin magariba cikinsa ta ɓangaren hagu ya kumbura ya yi tauri, ya daina tuƙa, yana nishi yana kallona kamar ni na aike shi.

Nan unguwa ta zama asibiti. Wani ya ce a ɗura masa man gyaɗa, wani ya ce jar kanwa, wani ya ce lemon kwalba baƙi, wani kuma ya matso kusa da kunnena ya ce a kawo wuƙa tun bai zama mushe ba. Na sha ruwa da dabino ɗaya a tsaye, na tafi ɗauko likitan dabbobi. Ya ɗura masa magani, ya ce hatsi mai yawa lokaci guda yana tsami a cikin tumbi, iska ta taru, kuma dabbobi da yawa a haka suke mutuwa. Ko dusa ma, in ji shi, da kaɗan-kaɗan ake saba wa rago, harawa ce gaba. Ya tambaye ni ko an yi masa rigakafin PPR, wata annoba mai kashe tumaki da awaki, wadda ake haɗa allurarta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato. Na ce ban sani ba. Maganin tsutsar ciki fa? Na ce ai lafiyarsa ƙalau. Ya dube ni ya dubi ragon, ya rubuta kuɗi.

Sannan ya ce kada a bar shi ya kwanta, a yi ta zagayawa da shi har iskar ta fita. Don haka a daren da jama'a ke sahu suna asham, ni ina zagaya layi da rago a igiya, yana sakin gyatsa mai warin tsami, masu shayi suna min sannu da ibada. Buɗa-bakin gidanmu ranar da burodi aka yi shi, kuma ba a yi min magana ba sai da sahur.

Ya warke, ya kuma yi ƙiba, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Zuwa watan Mayu wuyansa ya cika, geza ta sauko. Sai ga labari a rediyo cewa gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasar gabanin Sallah. Duk wanda ya san yawan ragunan da ke shigowa ta Maigatari da Jibiya da Illela ya san abin da hakan ke nufi ga farashi. Wani dillali a unguwarmu ya leƙo, ya taɓa gadon bayan Kwamanda daga nesa da sanda, ya taya dubu ɗari biyu da talatin. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar kuɗin wutar nan na ajiye wa Maman Hanifa a kan cinya ban ce komai ba. Sabon shirin shi ne in sayar, in sayi ɗan madaidaici na layya, canjin kuma a rage kuɗin makaranta. Muka yi da dillali zai zo da kuɗi ranar Asabar.

Ranar Juma'a Alhaji mai gidan ya zo karɓar haya da sabuwar motarsa baƙa, an wanke ta an goge tana ɗaukar ido. Ya ajiye ta a ƙofar gida daidai lokacin da na fito da Kwamanda shan iska. Ragon ya tsaya cak. A jikin ƙofar motar ya hango wani rago, ƙato, mai ƙaho irin nasa, yana masa kallon raini. Tun Janairu bai ga ɗan uwansa ba, kuma ba gaisuwa ce ta zo masa a rai ba. Ya fara ja da baya. Ni da na taso ina jin ana cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, sai na tsaya ina cewa Alhaji, "Ka ga motar ma tsoro take ba shi."

Karo uku ya yi kafin mu kama shi. Na farko ƙofar direba, na biyu ƙofar baya, domin abokin gabar ya koma can, na uku fitila.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya zagaya motar a hankali, ya ce, "Malam, ragon naka ne?" Igiyar tana hannuna. Masu gyaran jikin mota a Ƙofar Ruwa suka yi nasu lissafin, wanda ya fi nawa fita daidai.

Ƙahon Kwamanda na dama kuma ya fashe daga tushe yana zubar da jini. Da dillali ya zo ya gani, sai ya tuna yana da wani uzuri a Dawanau. Na garzaya wurin limamin unguwa. Ya ce a mazhabar Malikiyya rago mai karyayyen ƙaho yana yin layya in ciwon ya warke, amma in yana jini bai yi ba, hukuncinsa na marar lafiya ne. Saura mako uku Sallah. Na koma ma'aikacin jinya, safe da yamma ina wanke ƙaho, ina fesa maganin nan mai launin shuɗi, ina korar ƙuda da mafici. Ko lokacin da Hanifa ta yi ƙyanda ban yi irin wannan hidima ba, kuma an tuna min da hakan.

Allah Ya taimaka ciwon ya bushe. Ranar Juma'a 6 ga Yuni, bayan an sauko daga idi liman ya yanka nasa, mu huɗu muka kayar da Kwamanda, cikinmu har da mai ruwa, wanda ya zo ba a kira shi ba ya ce lada yake nema. Hanifa ta shige ɗaki tana kuka ta rantse ba za ta ci ba.

Da mahauci ya zo kan tumbi sai ya dakata, ya ce a kira matan gida. Ya fara zaro kaya yana jerawa a kan buhu: ledoji baƙaƙe a dunƙule sun kai girman kan jariri, safa, igiyar wando, ɗankwalin matar Malam, da gefen mayafin biki har da duwatsunsa. Tsakar gida ta yi tsit, sannan mata suka shiga neman gafarar juna, aka kira ɗan almajiri aka cika masa kwano da hanta. Mahaucin ya ce leda tana kashe dabbobin cikin gari fiye da yadda mutane suke zato, wannan dai mai taurin rai ne.

Washegari aka yi rabo. Cinya ɗaya gidan Alhaji, ɗaya gidan Malam, kafaɗa ta mai ruwa, likitan dabbobi ma ya aiko yaro. Fatar na yi niyyar sayarwa in rage zafi, liman ya ce ba a sayar da komai na layya, sai na ba da ita sadaka. Hanifa ta ci suya har sai da aka ɓoye tukunyar.

Da lokacin sabunta haya ya yi, Alhaji ya aiko da sabuwar takardar yarjejeniya, an ƙara kuɗi an kuma ƙara sharaɗi na tara: ba a yarda ɗan haya ya ajiye duk wata dabba mai ƙaho ba. Sauran 'yan hayar uku sun riga ni sa hannu, Malam har da dangwala yatsa.