Fokker Eindecker: jirgin da aka fi tsoro fiye da ƙarfinsa

Masu son tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya suna yawan kururuta Fokker Eindecker, jirgin yaƙin Jamus mai fiffike hawa ɗaya, a zamanin da yawancin jirage ke da hawa biyu. Ni dai a ganina, jirgin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Mu duba jikinsa. Samfurin E.III, wanda aka fi ƙerawa, gudunsa bai wuce kilomita 140 a awa ba, injinsa na Oberursel kuwa kwaikwayon injin Faransa ne. In matuƙi zai karkata jirgin, sai wayoyi su murɗa fiffiken gaba ɗaya, aiki mai gajiyar da hannu. Kamannin jirgin ma daga jirgin Morane-Saulnier na Faransa Anthony Fokker, mai kamfanin da ya ƙera Eindecker, ya ɗauko su. Shi Fokker ɗin ba Bajamushe ba ne, ɗan ƙasar Holan ne da ya iya kasuwanci.

Sirrin yana wurin bindiga. Matsalar wancan lokaci ita ce yadda za a yi harbi kai tsaye ta gaba ba tare da harsashi ya farfasa farfelar jirgin ba. Roland Garros, wani matuƙin Faransa, ya liƙa ƙarafa a jikin farfelarsa don su riƙa kauda harsashin da ya same ta, dabara ta ganganci. A watan Afrilun 1915 jirginsa ya sauka a yankin Jamusawa, suka kama shi. Ba a jima ba injiniyoyin Fokker suka fito da na'urar da ke haɗa kunamar bindiga da juyawar injin, yadda harsashi ba ya fita sai bakin farfela ya wuce. Matuƙi ya saita hancin jirgi kawai ya danna.

A cikin matuƙan Jamus, Kurt Wintgens ya fara kakkaɓo jirgi da Eindecker ranar 1 ga Yulin 1915, Max Immelmann ya biyo baya a watan Agusta, sannan Oswald Boelcke. To amma su wa suke harbowa? Galibi jiragen leƙen asiri ne irin B.E.2c na Ingila, marasa gudu, waɗanda mai bindigarsu ke zaune a gaba, tsakanin fukafukai da wayoyi, ba ya iya kare bayansa. Samun wuri Jamusawa suka yi. Laifin manyan sojan Ingila ne da suka ci gaba da tura samari cikin irin waɗannan jirage, har maganar ta kai majalisar dokoki a 1916. Kafin nan an ba da umarni cewa duk jirgin leƙen asiri sai jirage uku sun yi masa rakiya, kun ga aikin jirgi ɗaya ya koma na huɗu.

Duka-duka Eindecker ɗin da aka ƙera ɗari huɗu da 'yan kai ne. Da jiragen yaƙi Nieuport 11 na Faransa da DH.2 na Ingila suka shigo fage a farkon 1916, kasuwarsa ta watse, alhali babu ɗayansu da ke harbi ta cikin farfela. Immelmann kansa a cikin Eindecker ya mutu ranar 18 ga Yunin 1916.

A watan Afrilun shekarar, wani matuƙin Jamus ya ɓata hanya ya sauka da Eindecker ɗinsa a filin jirgin Ingilishi. Suka gwada jirgin, suka tarar ba wani abin a zo a gani ba ne. Shi ne yake ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan har yau.