Hobbes ya gano ciwon, maganinsa ne ban yarda da shi ba

Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, bai yarda da ɗan Adam ba ko kaɗan, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tsere daga Ingila zuwa Faransa a 1640 ana gab da yaƙin basasa, yana can aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a bainar jama'a a 1649. Da littafinsa Leviathan ya fito a 1651, sai ya ce in babu hukuma kowa abokin gaban kowa ne, ba noma ba fatauci, domin ko rago yana iya kashe jarumi ta makirci ko haɗin baki. Mai musu kuwa, Hobbes ya ce ya dubi kansa: me ya sa yake kulle ƙofa in zai kwanta? Me ya sa yake sa wa akwatinsa kwaɗo a cikin gidansa, inda ba kowa sai 'ya'yansa da barorinsa? Wallahi wannan tambayar tana da nauyi.

Rousseau, masanin falsafa ɗan birnin Janeba, ya ce a 1755 ai asalin mutum mai tausayi ne, wanda ya fara shinge fili ya ce nawa ne shi ya ɓata lamarin. Magana mai daɗin ji, amma mai ita da kansa ya faɗa cewa 'ya'yansa biyar gidan marayu ya kai su. A bar wannan.

Inda muka raba gari da Hobbes shi ne da ya ce a miƙa wuya ga mai mulki ɗaya, ba mai ja da shi. To shi sarkin aljani ne? Ba cikin waɗannan mutanen da aka ce ba su da amana ya fito ba? John Locke, wani masanin falsafar Ingila, ya ba shi amsa a 1689, ya ce wannan daidai yake da ka guje wa ɓarnar yanyawa ka kai kanka bakin zaki, har kana ganin ka tsira.

James Madison, ɗan siyasar Amurka, ya haɗa ra'ayin Hobbes da na Locke a 1788. Ya yarda mutane ba mala'iku ba ne, don haka dole a yi gwamnati, amma masu gwamnatin ma ba mala'iku ba ne. Sai a raba iko tsakanin majalisa da shugaba da kotu, kwaɗayin wannan ya taka wa na wancan birki. Tsarin da Najeriya ta aro ke nan a 1979.

Masu cewa a samo mana jan wuya ɗaya ya gyara ƙasa, ku almajiran Hobbes ne ko ba ku taɓa jin sunansa ba. Ku fara amsa wa Locke tukuna.