Rediyo mai memori da VLC sun fi hayar waƙa dacewa da Zango

Duk wanda ya ratsa Aboabo ko Asawase, unguwannin Zango na Kumasi a Ghana, bayan sallar asuba ya san ƙaramar rediyon nan mai cin memori, wadda ake yi wa caji kamar waya. Za ka gan ta rataye a teburin mai koko ko a gefen keken tela, tana karatun Alƙur'ani ko tafsirin azumin bara. Matasa suna yi mata kallon kayan tsofaffi. A ganina kuwa ta fi wayoyin tsada da yawa mutunta mai ita, domin abin da ka zuba mata naka ne. Ba ta cin data, ba ta neman kuɗin wata.

Manyan kamfanoni sun daɗe da juya wa irin wannan baya. Apple ya fito da iPod, ɗan akwatin sauraron waƙa, a 2001, ya daina ƙera shi a 2022. Tun 2016 ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, wasu suka bi sahu, yanzu har gurbin memori ya ɓace daga yawancin wayoyin tsada. So ake ka riƙa sauraro ta intanet. Spotify ya shigo Ghana a Fabrairun 2021, Boomplay kuwa a cikin Tecno, Infinix da itel yake zuwa. Suna da amfaninsu, kuma mawaƙi yana samun ɗan wani abu ta nan. Sai dai zaman haya ne, mu kuwa mun san haya: ran da mai gida ya ce zai rushe gini, sai ka kwashe kayanka. Microsoft ya rufe shagon waƙarsa na Groove a ƙarshen 2017, Google ya rufe Play Music a 2020.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin abin da kunnen ɗan Zango yake so ba ya cikin waɗannan rumbuna. Tafsirin malamin unguwa, ishiriniyar daren maulidi, wa'azin ranar suna, waƙar da mata suka yi a bikin ƙanwarka, duk a memori suke zaune ko a WhatsApp. Wani an ɗauke shi da tsohuwar waya, wani saƙon murya ne, wani bidiyo ne aka mayar sauti, kowanne da nasa tsarin fayil. Sai mutum ya sauke wata manhajar sauraro ta kyauta, ana tsakiyar fassara aya tallan caca ya faɗo masa a fuska. Na ga dattijo ya kife wayarsa a kan tabarma don kunya, jikokinsa na zaune.

Maganin wannan yana nan, kuma halal ne: VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo. VLC ya faro ne a 1996 a matsayin aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya ta Paris, aka sake shi ga kowa a 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN ta Faransa da ke kula da shi ba ta neman riba. Babu talla a cikinsa, yana buɗe kusan kowane irin fayil, yana aiki ko babu sabis. Sirrin shi ne asalin rubutun manhajar a buɗe yake: duk mai ilimin abin zai iya dubawa, ya gyara, ya raba. In masu shi sun gaji, wasu su ɗauka su ci gaba. Haka 'yan sa-kai suka yi manhajar Rockbox, wadda har yau take raya tsofaffin iPod da kamfaninsu ya manta da su.

Wani zai ce ai wannan ɗaure wa satar fasaha gindi ne. Magana biyu ce. Manhajar masu ita ne suka ba da izini a raba. Amma yaron da ke zuba waƙoƙi ɗari a memori a kasuwar Kejetia ko ta Adum don 'yan sidi kaɗan, ko kwabo ba ya kai wa mawaƙi, kuma wannan cin haƙƙi ne ko da wace manhaja aka saurara. Waƙar da ake sayarwa a saye ta.

Memori ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Jabu sun cika kasuwa, a rubuta masa gig 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, rana ɗaya ya ƙi buɗewa, karatun shekara goma ya tafi. Shi ya sa nake kira ga kwamitocin masallatanmu su ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani wuri daban. Yaranmu da ke karatun kwamfuta a jami'ar KNUST za su iya ɗaukar Audacity, manhajar gyaran sauti, ita ma buɗaɗɗiya ce kuma kyauta, su rage ƙarar fanka da janareta a tsofaffin kaset ɗin malamanmu, su rubuta sunan malami, sura da shekara a kan kowane fayil. Yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu yanzu lambobi kawai yake ɗauke da su a madadin suna, har almajiran malamin sukan yi gardama kan wace shekara aka yi karatun.