A Istanbul ana tambayar shekarun gini, mu muna tambayar ruwa da wuta

Duk mai neman hayar gida a nan Istanbul, tambayarsa ta farko ita ce: yaushe aka gina shi, kafin 1999 ko bayanta? A watan Agustan shekarar ne girgizar ƙasa ta Izmit ta kashe mutum sama da 17,000, daga nan aka tsaurara dokar gini, aka wajabta inshorar girgizar ƙasa. A Kano ko Kaduna kuwa, ruwa muke tambaya, da wuta, da kuɗin shekara. Ban taɓa jin wanda ya tambayi kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi ba.

Na san amsar da za a ba ni: mu Allah ya kare mu. Gaskiya ne. Tsagar Arewacin Anatoliya, wata doguwar tsaga a ɓawon duniya mai haddasa girgiza, ta ratsa ta ƙarƙashin tekun Marmara, kudu da wannan birni, Najeriya kuwa tana nesa da wuraren da manyan ɓangarorin ɓawon duniya ke gogar juna. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape cikin Abuja a 2018, kuma 'yan'uwanmu na zangunan Accra suna zaune ne a birnin da girgizar 1939 ta yi wa ɓarna.

Girgiza ba lokaci guda take iso mutum ba. Igiyar farko tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, ba ta cika yin ɓarna ba. Ta biyu ce, mai zuwa a bayanta, ke kaɗa gini hagu da dama. Wannan 'yar tazarar ce ta sa wayoyin wasu suka yi ƙara daƙiƙoƙi kaɗan kafin girgiza mai ƙarfin 6.2 ta iso mu ranar 23 ga Afrilu 2025. Daƙiƙoƙin sun isa ka shige ƙarƙashin tebur. Sauran kuma ya rage ga magini, da irin ƙasar da ya kafa tushe a kai, domin ƙasa mai laushi ƙara wa igiyar ƙarfi take yi.

Turkawa ma ba su tsira daga halinmu na ginin ganganci ba. A 2018 gwamnati ta yi wa gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida afuwa, aka biya kuɗi aka karɓi takarda. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 girgiza mai ƙarfin 7.8 ta zo, mutum fiye da 50,000 suka rasu. A jihar Hatay, inda abin ya fi muni, babu gini ko ɗaya da ya rufta a garin Erzin. Ƙasarsa na da ƙwari, haka ne, amma kuma hukumar garin ta yi suna wajen hana ginin ganganci.

Abin da ke ci mini rai shi ne, namu gine-ginen ba sa jiran ƙasa ta motsa. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas a 2021, ya kashe sama da 40. A Yulin 2024 ginin wata makaranta a Jos ya danne ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rai 22. Sai a ce ƙaddara ce, a yi ta'aziyya, a kafa kwamiti. Na yi imani da ƙaddara, amma wanda ya rage siminti ya cika yashi, da jami'in da ya sa hannu bai leƙa wurin ba, mutane ne masu suna da adireshi, kuma kotu ya kamata su gurfana.